Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarakunan Zango Da Limaman Kumasi Kan Samarinmu Masu Jin Harsuna Da Yawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya kamaci ɗa ga iyayensa, ina neman izininku in yi magana a kan wasu samari namu waɗanda muke alfahari da su a baki, amma ban ga mun yi musu tanadin da ya dace da halin da yankinmu ya shiga ba. Ina nufin yaron da ya tashi a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ko Mossi Zango, wanda yake yin Hausa a gida, Tonanci, wato harshen Asante, a kasuwar Kejetia, Turanci a makarantar boko, yana karanta Larabci a gaban malam, sau da yawa kuma yana jin Mosanci ko Dagombanci ko Fulatanci ko Zabarmanci daga wajen kakanni, ya kuma tsinci Faransanci a bakin iyaka. Na rubuta a fili ne domin iyaye mata da samarin da kansu su karanta, tunda maganar tasu ce.

Idan ana zaman lafiya, wannan yaro shi ake kira ya shiga tsakanin mai albasa daga Nijar da mai saye Batoniya, shi ake turawa asibiti da tsohuwar da ba ta jin Turanci. Idan yaƙi ya zo kuwa, shi ne mutum na farko da masu bindiga suke nema, ko daga wane ɓangare suke, domin mai bindiga baƙo ba ya iya cinikin man fetur, bai san hanyar da ta kauce wa shingen sojoji ba, kuma ba ya gane abin da fasinjoji suke raɗawa a bayan mota. Mai harshe ne yake yi masa duk wannan. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne mun bar yaranmu da zaton cewa wanda ya fassara magana kawai, ko ya nuna hanya kawai, ko ya kai saƙo kawai, ba shi da hannu a cikin jinin da ya biyo baya.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin cewa wannan ba sabon abu ba ne a tarihin Zango. Kakanninmu sun shigo ƙasar nan ta hanyoyi biyu, wasu da fataucin goro ta Salaga, wasu kuma da kakin soja. Tun kafin Turawa su yi ƙarfi, akwai Musulmi masu rubutu a fadar Sarkin Asante, Asantehene Osei Bonsu, kuma baƙin Ingila da suka zo Kumasi a 1817 da 1820 sun gan su da idonsu. Daga baya rundunar Hausawa da baturen Ingila Glover ya kafa a Legas a farkon shekarun 1860 ta shiga yaƙin da aka yi da Asante a 1874 a ɓangaren Ingila, kuma a 1900, lokacin yaƙin Yaa Asantewaa, sojojin da ake kira Hausawa ne suke tare da Gwamna Hodgson a cikin ganuwar nan ta tsakiyar Kumasi wadda yanzu ta zama gidan tarihin soja. Ba ma yawan faɗin wannan a gaban maƙwabtanmu, amma haka ya faru. Da yawa daga cikin waɗannan sojoji ba Hausawa ba ne ta jini. Gurunsawa ne da Mosawa da Dagombawa da sauran mutanen arewa, waɗanda aka koya wa Hausa a bariki domin da ita ake ba da umarni, aka kuma rubuta sunan ƙabilar mutum a matsayin sunan mahaifinsa. Haka aka sami Alhaji Grunshi, wanda tarihi ya rubuta cewa shi ne sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo, cikin watan Agusta na 1914. Kirarin rundunar Gold Coast ta wancan zamani ma da Hausa yake, Kullum Shiri.

A Yaƙin Duniya na Biyu an kai samarinmu Habasha da Somaliya, sannan aka kai su Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da Arakan, suka karɓi Myohaung a watan Janairu na 1945. Suka dawo suka tarar alƙawuran fansho da aikin yi sun zama iska. Ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar koke, aka tare su a mararraba, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Abin da nake so samarinmu su riƙe daga wannan rana shi ne yadda aka fi ba da labarin: baturen 'yan sanda Imray ya ba da umarnin harbi, 'yan sandan da ke ƙarƙashinsa ba su harbi tsofaffin sojojin ba, sai da ya karɓi bindiga ya yi harbin da hannunsa. Ƙananan ma'aikata ne masu iyali da tsoron kora, amma sun ji umarni sun auna shi kafin su bi.

Yanzu wutar ta matso kusa. Malam Ibrahim Dicko, wanda ya kafa Ansarul Islam a arewacin Burkina Faso a 2016, da wa'azi a gidan rediyo a Djibo ya fara tara jama'a kafin ya tara bindigogi. A watan Maris na 2017 aka haɗa ƙungiyar JNIM, ƙawancen mayaƙa masu iƙirarin jihadi, a ƙarƙashin Iyad Ag Ghaly, kuma daga Mali ta bazu zuwa Burkina Faso da arewacin Benin da Togo. A watan Mayu na 2019 aka sace Faransawa biyu 'yan yawon buɗe ido a gandun dajin Pendjari na Benin. Su an kuɓutar da su, amma ɗan ƙasar da yake yi musu jagora an kashe shi tun a daji. A watan Mayu na 2022 aka kashe sojojin Togo 8 a Kpékpakandi. Gwamnatin Burkina Faso ita ma tun 2020 take ɗaukar fararen hula 'yan sa-kai tana ba su makamai, kuma ana zargin kowane ɓangare da kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A 2024 kamfanin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa mayaƙa suna tsallakowa arewacin Ghana su sayi kaya su yi jinya, gwamnati kuma ta musanta cewa akwai wata yarjejeniya tsakaninta da su. Ko ma mene ne, motocin tumatir da albasa da shanu suna tashi daga Kumasi su bi ta Paga da Kulungugu kowane mako, kuma yaran motar 'ya'yanmu ne. Ga kuma rikicin Bawku a cikin gida, wanda har sai da aka kawo shi fadar Manhyia gaban Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II domin sasanci.

Ina roƙon malamanmu su ɗauki wannan mas'ala kamar yadda suke ɗaukar mas'alar gado ko ta saki, su yi mata bayani dalla-dalla. A ce saurayi yaron mota ne, an tare su a hanya bayan an tsallake iyaka, kuma shi kaɗai ne a motar yake jin Fulatanci da Mosanci. Aka ɗora masa bindiga aka ce ya tambayi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wanda yake aikin gwamnati, da wanda ba ya salla, da wanda ya fito daga ƙauye kaza. Me zai ce? Na tambayi ɗalibaina manya wannan, kuma amsar da ta fi yawa ita ce tilas ba ta da hukunci. Wannan rabin karatu ne. Gaskiya ne Allah ya yi rangwame ga wanda aka tilasta ya furta kalmar kafirci alhali zuciyarsa tana natse da imani, kamar yadda ya faru ga Ammar ɗan Yasir, kuma ayar tana cikin Suratun Nahli. Amma malamai sun haɗu a kan cewa tilas ba ta halatta wa mutum ya kashe wani domin ya tsira da ransa, saboda ransa bai fi na wancan daraja ba. Sun kuma bayyana cewa idan azzalumi yana neman wani bawan Allah domin ya kashe shi, ɓoye shi wajibi ne ko da sai an faɗi abin da ba haka ba. Ke nan yaron da muka yi shekaru muna koya wa cewa tafinta amintacce ne, ba ya ƙari ba ya ragi, akwai wurin da amanarsa take komawa ga ran mutumin da ke zaune a bayansa, ba ga mai tambaya ba. Ban taɓa jin an yi huɗuba a kan wannan ba, alhali akwai samari a sahu waɗanda za su iya gamuwa da wannan tambaya kafin wata Juma'ar. Ba na cewa abu ne mai sauƙi, kuma ba ni da bakin zargin wanda tsoro ya rinjaya. Amma wanda ya taɓa jin hukuncin a masallaci cikin natsuwa ya fi wanda zai fara tunaninsa a gaban bindiga.

Galibi ma abin ba ya zuwa da bindiga. Yana zuwa ne da ciniki mai riba fiye da ƙima: a saya mini babura a Kumasi a kai su gari kaza, a cika jarkokin mai a ajiye a gidan wane, a yi mini rajistar layukan waya da katinka, a karɓi kuɗi ta waya a miƙa wa wanda zai zo. Saurayin ya san abin da ake nufi, domin yana jin abin da suke faɗa a tsakaninsu da harshen da suke zaton ba ya ji. Allah ya hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka a farkon Suratul Ma'ida, bai kuma ware ɗan aike ba. Haka nan yaron da ya ɗauki sautin wa'azin tunzura jama'a da aka yi da Larabci ko Fulatanci, ya mai da shi Hausa mai daɗi ya watsa a WhatsApp, ya sani cewa a watan Disamba na 2003 kotun duniya da ke Arusha ta kama masu gidan rediyo da mai jarida da laifin kisan ƙare dangi na Ruwanda saboda abin da suka watsa. Hausawa sun riga sun ce baki shi ke yanka wuya.

Akwai tafintan da ba a yi masa adalci idan aka manta da shi, wato wanda jami'an tsaro suke amfani da shi. Taimaka wa hukuma ta kare rayuka aikin kirki ne, kuma tun 2022 gwamnati take kira ga jama'a su faɗi abin da suka gani. Sai dai akwai bambanci tsakanin faɗin abin da ka gani da nuna mutum da yatsa saboda rawaninsa ko harshensa, ko saboda bashin da yake binka. A watan Yuli na 2023 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna damuwa kan mayar da ɗaruruwan 'yan Burkina Faso daga arewacin Ghana, akasarinsu mata da yara. Mu da muka ɗanɗani zafin kashe samari bakwai na Zango da 'yan sanda suka yi a yankin Manso Nkwanta a 2018 bisa zargin fashi, zargin da kwamitin gwamnati bai sami hujjarsa ba, bai kamata ɗanmu ya zama bakin da za a yi wa Bafulatani irin wannan da shi ba.

Ranku ya daɗe, tushen matsalar a ganina yana cikin tambayar nan da ake yi wa yaronmu tun yana ƙarami: kai ɗan ina ne? A Kumasi a ce masa ɗan arewa, a Tamale a ce masa ɗan Zango, a Wagadugu a ce masa ɗan Ghana, a Kano kuma Hausarsa ta ba su dariya. Dattawanmu ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta 18 ga Nuwamba, 1969 ba, wadda ta ba mutane mako biyu su tattara, har ta kwashi waɗanda a nan aka haife su. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan kafuwarsa ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, amma samari da yawa suna kokawa cewa sunansu kaɗai ya isa ya jawo musu ƙarin tambayoyi wajen neman katin ɗan ƙasa ko fasfo. Hausa tana cikin harsunan da gidan rediyon ƙasa yake watsa labarai da su, amma ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu. Yaron da kowa ya ce masa baƙo ne, ranar da wani ya dafa kafaɗarsa ya ce kai namu ne, kai muke nema, zai saurara. Kada mu ce sai jahili ko matalauci. Saurayin da ya bar ƙasar nan ya shiga ƙungiyar IS a 2015 ya kammala digiri ne a jami'ar KNUST da ke cikin garin nan.

Malamanmu sun san ƙissar Haɗib ɗan Abu Balta'a fiye da ni, amma ina so a karanta wa samari ita da wannan ido. Sahabi ne da ya halarci Badar, kuma ana shirin buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda yana sanar da su shirin, ya ba wata mata ta ɓoye a cikin kitsonta. Da aka kama takardar aka tambaye shi, ya ce shi mutum ne da ya raɓu da Ƙuraishawa amma ba jininsu ba ne, sauran Muhajirai suna da dangi a Makka masu kare musu iyali, shi kuwa ba shi da kowa, shi ya sa ya nemi ya yi musu wani abu da za su saka masa da kyale iyalinsa. Sayyidina Umar ya nemi izinin sare wuyansa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Aikin an yi tir da shi a farkon Suratul Mumtahana, amma mutumin an zaunar da shi an ji ta bakinsa, kuma ba a kore shi daga jama'a ba. Rashin gata ne ya kai mutum irin wannan ga kuskure, balle yaro ɗan shekara ashirin da mahaifiyarsa take zaune a garin da masu bindiga suka kewaye. A ɗaya gefen kuma ga Zaidu ɗan Sabit, wanda aka mayar da shi gida ranar Badar saboda ƙuruciya, aka sa shi ya koyi rubutun Yahudawa ya zama mai rubuta wasiƙu da karanta su, daga baya aka damƙa masa tattara Alƙur'ani a zamanin Sayyidina Abubakar. An hana shi takobi, amma ba a bar shi zaune ba aiki ba.

Game da Rasha magana kaɗan ta isa. Tun da yaƙinta da Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022, an sha jin labarin samarin Afirka, har da na Ghana, da dillalai suka yi wa alƙawarin aikin gadi ko na gona, suka sa hannu a takarda da harshen Rashanci, suka tsinci kansu a bakin daga. Yaron da yake jin harsuna biyar yakan yarda da kansa har ya sa hannu a na shida wanda ba ya karanta ko harafi ɗaya a cikinsa. Wanda kuma yake mafarkin yi wa rundunar baƙi tafinta ya tambayi abin da ya sami tafintocin Afganistan da yawa bayan faɗuwar Kabul a watan Agusta na 2021, lokacin da waɗanda suka ɗauke su aiki suka hau jirgi.

Ba ina cewa samarinmu su ɓoye harsunansu ba ne, ko su guji aikin soja na halal. Kyaftin Mbaye Diagne, Musulmi ɗan Senigal, ɗan sa-ido ne na Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda a 1994, ba ya ɗauke da makami, amma ya riƙa ɗebo mutane a motarsa yana ratsa shingayen makasa da lallashi da barkwanci, har ya ceci mutane masu yawa, ciki har da 'ya'yan firaministar da aka kashe, kafin harsashin igwa ya same shi ranar 31 ga Mayu. A wannan lokaci ne kuma sojojin Ghana a ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho suka zauna a Kigali sa'ad da wasu ƙasashe suka janye nasu. Waɗannan ya kamata yaran makarantunmu na Islamiyya su san sunayensu.

Abin da nake roƙo a wajenku bai fi ƙarfinku ba. Limamai su ware huɗubobi a kan hukuncin tilas da taimakon azzalumi da shaidar zur, a yi su da Hausa da Tonanci da Mosanci da Fulatanci, a kuma kai karatun tashoshin mota da unguwar makanikai ta Suame Magazine, domin yaran da suka fi bukatarsa suna kan hanya ranar Juma'a. A kowace fada a sami mutum biyu ko uku masu ilimin takardu waɗanda duk saurayin da aka yi wa tayin aiki a waje zai kai wa takardarsa kafin ya biya dillali ko sisi, kuma a sanar a masallatai cewa yin haka ba tonon asiri ba ne. Idan ɗan Zango ya gamu da cikas wajen katin ɗan ƙasa alhali yana da haƙƙi, wakilin sarki ya raka shi ofis da kansa. Ku kuma yi magana da 'yan majalisarmu da masu kula da Asusun Raya Zango a kan horar da samari aikin tafinta da takardar shaida, domin kotuna da asibitoci da ofisoshin kan iyaka suna bukatar abin da yaranmu suke yi kyauta a kasuwa.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, wato waɗanda suka riga suka tafi. Akwai iyaye mata a unguwanninmu da suke zargin inda ɗansu yake, amma tsoron gori da tsoron kamu sun rufe musu baki, suna cewa ya tafi ci-rani. Ina roƙon ku zauna da hukumomin tsaro ku tsara hanyar da uwa za ta iya zuwa wajen limami ko magajiya ta faɗi abin da ta sani ba tare da an kwashe mata sauran 'ya'ya ba, da kuma hanyar da yaron da ya yi nadama zai miƙa kansa ta hannun sarki, a bincike shi bisa doka, wanda ya zubar da jini ya fuskanci shari'a, wanda aka yaudara kuma a mayar da shi wajen mai gidansa ya ci gaba da koyon sana'a. Hukuma ba za ta fara wannan magana da kanta ba, kuma babu wanda za ta saurara a kanta kamar ku.

Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, ina neman afuwarku. Allah ya ƙara wa sarakuna lafiya, ya gafarta wa malamai.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
Malamin makaranta daga Aboabo, Kumasi